Hular kariyar kai ta gola irin ta Petr Cech: na saya wa ƙanina, ga yadda na same ta

Mutane da yawa sun tambaye ni kan hular nan ta soso da ƙanina yake sawa a raga, wai tana aiki kuwa ko ado ne kawai. Toh amsa a gajarce tana aiki, amma ba aikin da mai shagon ya ce min tana yi ba, kuma a nan matsalata da ita take.

A wani shagon kayan wasanni na saye ta, baƙa ce, soso ne a ciki an ɗinke shi gida-gida, akwai huji ta wajen kunne sai maɗauri da ake mannawa a ƙarƙashin haɓa. Kuɗinta bai kai na takalmin ƙwallo mai kyau ba. Mai shagon yana miƙo min ita yana cewa "Alhaji wannan ko ƙarfen raga ya buga da kai ba abin da zai same shi, irin ta Cech ce sak". Ita ma ta Cech ɗin, tsohon golan Chelsea, asalinta hular 'yan rugbi ce. A Oktoban 2006 ne gwiwar Stephen Hunt na Reading ta same shi a ka, ƙoƙon kansa ya fashe aka yi masa tiyata, da ya dawo a Janairun 2007 sai ya dawo da hula, bai kuma cire ta ba har ya yi ritaya a Arsenal a 2019. Wato shi ƙashin da aka gyara yake karewa. Haka Raul Jimenez na Wolves bayan karonsa da David Luiz a Nuwamban 2020, haka Osimhen ɗinmu da takunkumin fuskarsa tun da ya yi karo da Skriniar a 2021, duk maganar ƙashi ce.

Ta fuskar abin da ta iya kam ban da ƙorafi. Filinmu na ƙasa ne, tsakuwa ko ta ina, da can duk sanda yaron nan ya faɗi ƙafar ɗan gaba sai ya dawo gida da ƙulu a goshi ko kunne ya goge, Hajiya ta yi ta faɗa tana cewa sai ya bar ƙwallon nan. Tun da ya fara sa ta wannan ya ragu sosai. Ba ta da nauyi, ba ta rufe ido, dokar ƙwallo ma ta yarda da ita tunda laushi gare ta, ba alƙalin wasan da ya taɓa cewa ya cire.

Amma zafi! Wallahi a watan Afrilu in ya cire ta kamar an tsoma ta a bokiti, in kuma ba a wanke ba kwana biyu warinta ba a magana. Sannan ya ce "Yaya bana jin 'yan bayana sosai in na sa ta", hujin kunnen ya yi ƙanƙanta, gola kuwa aikinsa rabi magana ce. Manniyar maɗaurin ma ta fara saki da wuri saboda ƙura, sai da tela ya sa mata wani.

Yanzu ga inda na tsaya da gaske. Hular nan ba ta hana ƙwaƙwalwa buguwa. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take a cikin ƙoƙon kai, in kai ya tsaya cak ko ya juya da ƙarfi ita sai ta bugi bango daga ciki, kamar kunu a kwano ne, ko ka nannaɗe kwanon da tsumma goma in ka girgiza kunun sai ya motsa. A jihar Wisconsin ta Amurka an gwada irin waɗannan kayan a kan ɗaliban sakandare masu buga ƙwallo kusan dubu uku, ba a ga sun rage buguwar ƙwaƙwalwa ba. Ni kuma abin da na gani da idona shi ne yaron ya ƙara ƙarfin hali, kwanar da a da zai tsaya a layi yanzu fitowa yake da kai cikin mutane, kocinsu kuma yana tafa masa.

Ranar da suka yi karo da wani ɗan gaba, kai da kai, bai suma ba, ba jini ba ƙulu, hula ta yi aikinta ke nan a ido. Aka zuba masa ruwan leda a ka, koci ya ce "ai yana da hula, tashi mu je". Da aka tashi wasa ya tambaye ni nawa-nawa aka tashi, na faɗa masa, muna tafiya ya sake tambaya, da dare ya ce hasken waya yana damunsa ga jiri. Washegari sai asibiti, likita ya ce ya huta da ƙwallo har sai komai ya lafa kuma a hankali zai koma. Da jini ya zuba da tun a fili an cire shi, hular ta ɓoye abin da zai tsorata mutane.

Kuma kar a ga laifin kocin unguwa shi kaɗai, manyan ma haka suke yi. Christoph Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya 2014 sai da ya tambayi alƙali ko wannan ne fainal ɗin, aka bar shi ya ci gaba da wasa kafin daga baya a fitar da shi. Karius golan Liverpool da muka yi ta yi wa dariya kan kurakuransa a fainal ɗin gasar zakarun Turai a 2018, bayan wasan likitoci a Boston suka ce ya samu buguwar ƙwaƙwalwa. David Luiz ma ranar Jimenez da bandeji yana jini ya buga har hutun rabin lokaci. Sai a 2021 Firimiya ta fara gwada canjin ɗan wasa na musamman saboda bugun kai, IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo, kuma ba ta sa shi cikin doka ba sai 2024, shi ma na dindindin ne, wato wanda aka cire ba ya dawowa, sun ƙi yarda da na wucin gadi da zai ba likita lokaci ya duba a natse. Alhali tun 2019 binciken Jami'ar Glasgow ya nuna tsofaffin 'yan ƙwallon Scotland sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa.

Yana nan yana sa ta, ban hana shi ba, a filin tsakuwa tana da ranarta. Cikin biyar na ba ta uku. Wanda zai saya ya tafi da yaron a gwada, kar a ɗauki babba wai zai girma a ciki, in ta yi yawa zamewa take ta rufe ido daidai lokacin da ƙwallo ke sama, kuma a duba hujin kunnen da kyau kafin a biya.