Goodbudget: manhajar da ke nuna inda kuɗin gida ke zurarewa

Goodbudget manhaja ce ta kasafin kuɗin gida, tana aiki a Android da iPhone da kwamfuta. An gina ta ne a kan tsohuwar dabarar ambulan: idan kuɗi ya shigo, a raba shi kashi-kashi tun kafin a taɓa shi, kowace buƙata da ambulan ɗinta. Akwai ta kyauta, akwai ta biya. Ta kyauta tana ba da ambulan 10 na kashe-kashen wata-wata, da wasu 10 na buƙatun shekara ko abin da ake tara wa kuɗi, da asusu 1, da na'ura 2. Wannan ya ishi yawancin gidaje, kuma miji da mata za su iya kallon lissafi ɗaya, kowa a wayarsa.

Kada a fara da yanke kashe-kashe. Watan farko na rubutu ne kawai: duk abin da aka saya a shigar da shi a take, komai ƙanƙantarsa. Daga rahoton ƙarshen wata za a ga gaskiya, kuma ba manyan abubuwa kaɗai ke cinye albashi ba, har da ƙananan sayayyar da ba a lissafa su, da kuɗin rajistar wasu hidimomi da ake cirewa duk wata alhali an daina amfani da su.

Inda manhajar ta fi burge mu shi ne ambulan na shekara. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, gyaran abin hawa, duk an san suna tafe, amma sai su zo kamar ba a san da su ba, a kwashe ajiyar wata shida a rana ɗaya. A nan sai a rubuta jimillar abin da za a biya da lokacin biyansa, a raba shi gida 12, a riƙa zuba kashi ɗaya kowane wata. Idan saura wata 4 ne a biya, gida 4 za a raba a wannan karon, daga baya a koma 12. Ko wannan kaɗai gida ya yi, zai iya rage cin bashin gaggawa.

Ambulan ɗin ajiya shi za a fara cikawa ranar da kuɗi ya shigo, ba a jira ragowar ƙarshen wata ba. Kashi 5 cikin 100 ya isa farawa. Idan an yi wata uku ba a taɓa shi ba, a ƙara kashi 1 ko 2. Wajen cika sauran kuma akwai zaɓi biyu da ya kamata a lura da su: ko a ƙara sabon kuɗi a kan ragowar watan jiya, ko a mayar da ambulan daidai adadin da aka kayyade masa. Na biyun ya fi dacewa da cefane da sufuri, domin rarar da ta fito sai a tura ta ajiya maimakon ta narke cikin sayayyar wata mai zuwa.

Tana da nata rauni. A ta kyauta da hannu ake shigar da komai, don haka idan aka yi kwana huɗu ko biyar ba a rubuta ba, lissafin manhaja da na banki sun rabu ke nan, daga nan kuma mutum ya fara sanyin gwiwa. Maganinsa minti 10 sau ɗaya a mako, a gwada abin da ke asusu da abin da manhaja ta nuna. Masu cika ambulan 10 tun ranar farko su ma kan gaji da wuri. 6 ko 7 sun wadatar.

Babban abin da ake mantawa shi ne manhajar ba ta riƙe ko sisi. Ambulan ɗin lissafi ne kawai, kuɗin yana nan cikin asusun da ake cefane da shi, kuma kwaso shi daga ajiya zuwa wani ambulan bai wuce 'yan danne-danne a waya ba. Saboda haka dole a buɗe asusun banki na dabam, a ba banki umarnin tura kason ajiya can washegarin shigar albashi.

Mai samun kuɗi ba a kan ƙa'ida ba zai iya amfani da ita, muddin ya gina kasafinsa a kan watan da ya fi samun kaɗan. Wanda kuwa ya san ba zai jure rubuta sayayya kullum ba, gara ya tsaya ga umarnin banki kaɗai.