Maginin da ya gyara mana cocin ƙauye: ra'ayina bayan damina ɗaya

Na ce sai damina ta wuce zan yi magana kan maginin nan da muka ɗauko daga Zariya, to ga shi har an yi girbi bango ko tsagewa bai yi ba.

Cocin namu ginin ƙasa ne tun na kakanni, tubali da azara. Shekarun baya aka shafe shi da siminti wai ya yi kyau, ashe ruwa ta baya yake shiga yana jiƙa ƙasar, simintin ya dinga ɓallowa yana faɗuwa. Matasa suka ce a rushe kawai a yi bulo da kwano. Da Baba magini ya zo sai ya ce wa dattawa, ku je Wusasa ku ga cocin St. Bartholomew, tun 1929 take tsaye kuma ƙasa ce, ku da wa kuke gasa? Shi ke nan bakin kowa ya mutu.

Aikinsa kam sai dai a ce madalla. Ya kankare simintin tas, ya bi azara ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, wadda gara ta ci ya cire ya sa sabuwa ta giginya, bakan gizon tsakiya kuwa, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufin, ya hana kowa taɓawa sai shi da kansa. Ya yi yaɓe ya bi da makuba, wato shafen ɓawon ɗorawa da ke kare bango daga ruwa. Mu kuma gayya muka yi don rage kuɗin lebura, samari na cuɗa ƙasa da ƙafa, Zumuntar Mata na ɗebo ruwa suna waƙa ga kunu a bokiti, har maƙwabtanmu Musulmi sun kawo amalanke biyu. A zafin Afrilu muka yi Ista babu fanka babu wanda ya yi fifita, kuma wa'azin Fasto ana jin sa har bencin baya ba lasifika.

Inda ya ɓata min rai, alƙawari. Ya ce sati uku, sai da muka kusa wata biyu, ka kira waya a kashe, wai ya je biki. Indararo biyu kuma ya sa su gajeru, ruwa na dukan gindin bango, sai mu muka canza da kuɗinmu.

Duk da haka in kuna da tsohon ginin ƙasa ku nemi irinsa, amma kar ku biya duka kafin a gama. Ya ce yaɓen sai ana sabuntawa, kwamiti ya riga ya ware buhun dawa daga baikon godiya na bana.