Attaurar Hertz, bugun Soncino: abin da na samu a kan fam 15

Duk wanda ya shiga harkar tara tsofaffin littattafan Yahudawan Ingila, ba zai yi nisa ba sai wannan littafi ya faɗo hannunsa. Cikakken sunansa The Pentateuch and Haftorahs, amma masu amfani da shi "Hertz" kawai suke ce masa. Nawa na saye shi na hannu, fam 15, a wani shagon littattafai da ke Golders Green, unguwar arewa maso yammacin Landan inda Yahudawa suke da yawa. Tun yanzu in faɗa: littafin karatu ne, ba kadarar ajiya ba. Mai neman abin da zai ɓoye ya jira ya yi tsada, ya nemi wani.

Mujalladi ɗaya ne jibgege, shafi sama da dubu, da bango shuɗi mai duhu. Daga dama ake buɗe shi kamar littattafan Larabci. A saman kowane shafi akwai matanin Ibrananci da fassarar Turanci kafaɗa da kafaɗa, sharhi kuma ya cika ƙasa, wani lokacin har ya fi matanin cin wuri. Nawa yana ɗauke da hatimin wata majami'ar Yahudawa a shafin farko, kusurwoyin bangon sun lanƙwashe. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin shafukan: dattin yatsu ya bi su bai ɗaya tun daga Farawa, na farko cikin littattafai biyar na Attaura, har ƙarshen littafi na biyar, babu inda aka tsallake. Dalili kuwa, an raba Attaura kashi-kashi, ana karanta kashi ɗaya kowace Asabar har a sauke a shekara, sannan a biyo da wani yanki daga littattafan annabawa, wanda shi ne haftara ɗin da ke cikin sunan. Wannan kwafi ya yi aikin da aka buga shi dominsa.

Mai shagon, dattijo ne, ya yi mini gaskiyar da ban saba samu ba wajen masu sayarwa a intanet. A can za ka ga an rubuta 1960 an ɗora kuɗi. Shi kuwa ya buɗe shafin take ya nuna mini cewa 1960 shekarar bugu na biyu ce, kuma an yi ta maimaita wannan bugu shekara da shekaru, nawa ma daga baya aka buga shi. Da bai faɗa ba da na biya fiye da haka ban yi gardama ba. Allah Ya saka masa.

Mai littafin, Joseph Herman Hertz, ba haifaffen Ingila ba ne. An haife shi a 1872 a wani ƙauye na Hangari da yanzu yake cikin Sulobakiya, iyayensa suka ƙaura da shi New York yana yaro, kuma shi ne na farko da makarantar Jewish Theological Seminary ta yaye a matsayin rabbi, wato malamin addinin Yahudawa, a 1894. Ya je Johannesburg a 1898, bai daɗe ba gwamnatin Paul Kruger ta kore shi saboda goyon bayan Birtaniya da kuma neman a daina tauye wa Yahudawa da Katolika haƙƙi. A 1913 aka zaɓe shi Babban Malamin Yahudawan daular Birtaniya, kujerar da Nathan Marcus Adler da ɗansa Hermann Adler suka riƙe a jere daga 1845 zuwa 1911. Ya zauna a kanta har rasuwarsa a Janairun 1946. Sharhin ya fara fitowa ne a mujalladi biyar daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford tsakanin 1929 da 1936. Duba shekarun da kyau: ana tsakiyar aikin Hitler ya hau mulki a Jamus.

Wannan ne ya sa littafin yake da rai. Ba sharhin mutum mai sanyin jini ba ne. Kana karantawa kana jin malami ne tsaye yana kare littafinsa da jama'arsa. Babban abokin hamayyarsa shi ne Bajamushe Julius Wellhausen da mabiyansa, masu cewa an harhaɗa Attaura ne daga rubuce-rubuce daban-daban, ƙarnoni bayan Annabi Musa (AS). Hertz bai yarda da wannan ba ko kaɗan, kuma a dogayen maƙalun da ke ƙarshen kowane littafi yana bin hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya. Akwai maƙala a kan ko dokokin Hammurabi, tsohon sarkin Babila, ne tushen shari'ar Musa, akwai wata a kan halitta da ilimin kimiyya. Duk da wannan zafi, bai ji kunyar ɗauko maganar malaman Kirista ba inda ya ga sun dace, yana ambaton sunayensu kusa da na Rashi da Ibn Ezra, manyan masu tafsirin Yahudawa na da. Madogararsa a nan ita ce koyarwar malamin Yahudawa Musa bin Maimun, mutumin Ƙurɗuba da ya zauna a Masar, cewa a karɓi gaskiya daga duk wanda ya faɗe ta. Ni Musulmi ne, aƙidata a kan Attaurar da ke hannun mutane yau daban take da tasa, amma na ƙaru ƙwarai da ganin yadda masu littafin suke karanta ƙissar Annabi Yusuf (AS) da bakinsu, ba ta bakin wani ba.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Rubutun sharhin ƙanana ne, da dare sai da tabarau da fitila mai ƙarfi. Takardar siririya ce, rubutun bayan shafi yana leƙowa. Fassarar Turancin ta 1917 ce, ta ƙungiyar Jewish Publication Society da ke Amurka, tsohon Turanci mai nauyi wanda zai gajiyar da wanda bai saba ba. Abin da ya kawo na binciken kufai ya tsaya a zamaninsa. Kuma idan ya juya kan Girkawa da Romawa, wani lokacin kishi yana rinjayar adalci, sai ka ga ya yi musu kuɗin goro.

Ga mai son tarawa da gaske, mujalladi biyar na Oxford su ne abin nema, musamman idan sun cika kuma bangonsu bai rabu ba. Sai bugun Soncino na farko mai mujalladi ɗaya, na ƙarshen shekarun 1930, wanda shi ne ya shigar da littafin majami'u a Ingila da Amurka. Ita maɗaba'ar Soncino a Landan aka kafa ta a 1929, ta ari sunan wani gidan masu ɗab'i na Italiya da suka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Ibrananci karo na farko a 1488, don haka kada sunan ya ruɗe ka ka ɗauka tsohon kaya ne. Idan ka ga shekara irin 5720 a shafin take, lissafin Yahudawa ne, cire 3760 ka sami ta Miladiyya, da bambancin shekara ɗaya idan a watannin ƙarshen shekara aka buga.

Kafin ka biya, ka riƙe littafin ta bango ka ga ko ɗinkin ya saki, domin nauyinsa yana cin gadon bayansa, sannan ka bi shafukan farko da na ƙarshe, su ne suka fi ɓallewa a kwafin da ya fito daga majami'a. Wanda ya lalace sosai ba kasafai yake kaiwa kanti ba, binne shi ake yi saboda sunan Allah da ke ciki. Mai hatimi da dattin yatsu irin nawa, idan shafukansa sun cika, ni dai ba zan haura fam 20 a kansa ba.