Tabarau mai tare shuɗin haske ko lasifikan kunne: amsa ga mai fama da gajiyar taron bidiyo

Malam, tunda kuɗin abu ɗaya ka ware tsakanin tabarau mai tare shuɗin hasken da allon kwamfuta yake fitarwa da lasifikan kunne mai makirfo, shawarata ita ce ka sayi lasifikan kunne. Dukkansu biyu na saya da kuɗina, ɗaya yana kaina a kowace ranar aiki, ɗayan kuwa ya daɗe a cikin durowa.

Tabarau na fara saya a 2020, lokacin kullen korona, da wurin aikinmu ya mayar da tarurrukansa kan Zoom har ta kai wata ranar ina zaune gaban kwamfuta daga ƙarfe 9 na safe zuwa bayan la'asar. Na ɗauka hasken allo ne yake sa ni ciwon kai da riƙewar wuya. Wata uku na yi ina sa shi, kuma iyakacin abin da zan yaba masa shi ne bai cutar da ni ba. A 2023 cibiyar Cochrane, mai bitar binciken kiwon lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan irin wannan gilashi, ba ta kuma samu hujjar cewa ya fi tabarau na yau da kullum rage gajiyar ido ba. Har yanzu ina jin takaicin kuɗin da na kashe.

Lasifikan kunnen nawa Jabra Evolve2 65 ne, marar waya, kuma ba na mantawa da ranar da na fara amfani da shi. Taron kasafin kuɗi ne na awa biyu, janaretan maƙwabta yana ta ruri, fanka tana juyawa a sama. A da, a irin wannan yanayi nakan sunkuya har fuskata ta kusa taɓa allo domin in ji abin da ake faɗa, in kuma yi ta ɗaga murya ina tambaya ko ana ji na. Ran nan, bayan an gama gaishe-gaishe, na nemi izinin shugaban taro na kashe kyamara, na miƙe na fita baranda ina kai da komowa, idona a kan bishiyar darbejiyar ƙofar gida, ina jin kowace magana tar, su ma suna jin tawa ba tare da na wahalar da maƙogwaro ba. Da aka tashi na tafi masallaci sallar magariba, na dawo na zauna da yara muka yi aikin gidan da aka ba su a makaranta, abin da na daɗe ban iya yi ba saboda yadda taro yake bari na a galabaice.

Daga baya na gane dalili. A 2021 Farfesa Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana abubuwa huɗu da suke gajiyar da mutum a taron bidiyo: fuskoki da yawa suna kallonka kusa da kusa ba ƙaƙƙautawa, kana ganin taka fuskar tamkar an kafa maka madubi wuni guda, an ɗaure ka wuri ɗaya domin kada ka fita daga idon kyamara, sannan ƙwaƙwalwa tana aikin da ya wuce kima wajen fassara gyaɗa kai da motsin fuska a ƙananan hotuna. Babu ko ɗaya a cikinsu da tabarau zai taɓa, alhali lasifikan kunne marar waya yana ba ka damar kauce wa kusan dukkansu. A 2021 ɗin ce kuma wani bincike a kan ma'aikata 103, wanda masana daga Jami'ar Arizona suke cikinsa, ya nuna cewa ranakun da aka bar kyamara a kunne an fi gajiya, kuma abin ya fi tsanani ga mata da sababbin ma'aikata. Saboda haka amfanin lasifikan yana tattare da kashe kyamara da tashi daga kujera. Inda aka wajabta barin kyamarar a kunne, ka danna Hide Self View a Zoom ka ɓoye hotonka daga idonka.

Idan kuwa idon ne da kansa yake yi maka zafi, yawanci ƙarancin ƙiftawa ne a gaban allo, kuma iskar hunturu tana ƙara busar da shi. Duk bayan minti 20 ka kalli abin da yake nesa da kai kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. In bai lafa ba, likitan ido ya auna ka, kada ka sayi gilashi a tire.

Ka yi hattara da masu sayarwa, domin jabu ya yi yawa a kasuwar kayan waya, kwali da tambari sak na asali amma makirfon ba ya tace ƙarar komai. Wasu kuma tsoho mai mataccen batir suke gogewa su ce sabo ne, ko su cire ɗan abin da ake soka wa kwamfuta su sayar da shi daban. Kada ka biya sai ka haɗa shi da na'urarka a cikin shagon, ka kira wani ka tsaya kusa da janareta ko bakin titi ka tambaye shi yadda yake jin ka, ka bar shi a kanka na minti 10 ka ji ko yana matse kunne, sannan ka karɓi rasit mai sharaɗin mayarwa. In kuɗin bai kai na marar waya ba, ɗauki Logitech H390 mai wayar USB, wanda ba ya buƙatar caji ko da an ɗauke wuta, kuma wayarsa ta isa ka miƙe tsaye a gefen tebur kana sauraro.