Kaki, siramik ko leda: abin da na gani a Kanada

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni me mutanen nan ke shafa wa motocinsu har fenti ya daɗe bai koɗe ba. To ga abin da idona ya gane mini.

Abokin gaban mota a nan gishiri ne. Da hunturu ya kama, sai a riƙa watsa shi a tituna don narkar da ƙanƙara, tayoyi kuma su yi ta fesa shi tare da tsakuwa a jikin mota. Shi ya sa sana'ar kare fenti take da kasuwa.

Na fara da kaki, wanda ake kira kanoba. Daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samo shi a Brazil, kuma wajen sheƙi ba a magana. Amma sheƙin na ɗan lokaci ne: wata biyu bai cika ba, ruwa da sabulu sun wanke shi. Akwai na haɗin sinadari mai kai wata shida, sai dai shi ma maimaitawa ake yi.

Daga nan na faɗa hannun masu siramik, kuma nan ne labarin yake. Ruwa ne mai sinadarin silika, wato abin da ke cikin yashi da gilashi. Idan ya bushe sai ya kama jikin fenti ya taurare, ya yi shekara biyu zuwa biyar. Ruwan sama ba ya zama a kansa, dunƙulewa yake yi ya gangara, wanki kuma ya zama wasan yara. Amma kafin a shafa sai an goge duk wani karce, domin abin da ya tarar a ƙasa shi zai rufe ya adana maka. Wannan gugar ce ke cin lokaci da kuɗi, ba kwalbar ba. Mai shagon ya rantse mini cewa ko dutse ba zai yi wa motar komai ba. Sati uku tsakani, ina bin bayan wata tirela, tsakuwa ta ɓantare mini fenti a bonet. Da na koma, cewa ya yi ai wannan ba ya cikin alkawari. Ashe kaurin siramik ɗin bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin mutum ma yana kai 70. Ina wannan zai tare dutse?

Mai tare dutse ita ce leda ta musamman da ake mannawa a kan fenti, wadda kaurinta ke kai maikiron 200. Asalinta kamfanin 3M ya ƙera ta don kare farfelar jirage masu saukar ungulu na sojan Amurka a yaƙin Biyetnam. Ta zamani, idan ta ɗan karce, zafin rana ko ruwan ɗumi yana shafe tabon. Ita ce mafi tsada, kuma idan ɗan koyo ya manna ta, za ka ga kumfa da bakinta yana ɗagowa.

Yanzu dai leda na sa a bamba da bonet da madubai, sauran jiki na bar shi da siramik. Kai da rana da ƙura suka fi damun motarka, siramik ya ishe ka, amma fa kada yara su goge ta da busasshen tsumma.