VMRM ko hannuna: wa ya fi iya rabon furosesa a z/VM?

Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya riga ya fahimci yadda z/VM, manhajar kamfanin IBM da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a cikin babbar kwamfuta ɗaya, ke raba ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Sa ɗaya ne, masu kaso da yawa. Kowace kwamfutar da ke zaune cikin babbar kwamfutar, wadda mu ma'aikata ke kira baƙuwa, tana da kasonta. Idan ba ka taɓa komai ba, kason kowa 100 ne, kana kuma iya sa shi daga 1 har 10000 da umarnin SET SHARE RELATIVE. Lambar ita kaɗai ba ta nufin komai sai an gwada ta da ta sauran masu jin yunwa a wannan lokacin. Akwai kuma ABSOLUTE, inda za ka yanka wa baƙuwa, misali, kashi 20 cikin ɗari na injin gaba ɗaya.

Na daɗe ina wannan rabo da hannu, da baƙin Linux kusan talatin. Daga baya na kunna VMRM, manhajar da ke yin wannan rabo da kanta, wanda ya zo tare da z/VM 4.3 a 2002, don in huta.

Saita shi ba wuya. Fayil ɗaya ne: ka tara baƙi rukuni-rukuni, ka ba kowane rukuni burinsa, ka sa masa muhimmanci daga 1 zuwa 10. Shi kuma yana zaune a baƙuwarsa mai suna VMRMSVM, yana karanta bayanan sa ido, yana ɗaga kason wannan yana sauke na wancan. Baƙin gwaji da masu rubuta manhaja ke wasa da su kam, ya sauke mini nauyinsu. Da can kullum sai wani ya leƙo ofis, "Malam, tawa ta yi sanyi." Yanzu sai in yi mako ban ji wannan ba.

Inda muka raba gari shi ne ma'auninsa. Abin da yake dubawa wajen furosesa shi ne, cikin lokacin da baƙuwa ke son aiki, nawa ta samu furosesa, nawa ta tsaya a layi. Bai san ko mai jiran amsa a gaban allo ya ƙosa ba. Rumbun bayananmu zai iya cika burin da na rubuta masa tsaf alhali abin da ke riƙe shi faifai ne ko ƙarancin ma'adana. Kuma sai jira ya riga ya auku kafin ya motsa. Ni kuwa na san ranar 25 ga wata aikin albashi zai taso da tsakar dare, don haka tun magariba nake ɗaga kasonsa.

Hannun ma fa yana da nasa abin kunya, kuma laifina ne. Wata rana na ƙara wa wata baƙuwa furosesa daga ɗaya zuwa huɗu, na bar kasonta a 100. Na manta ana raba kason ne tsakanin furosesoshin, kowanne ya tashi da 25. Aikin da ke tafiya a kan guda ɗaya ya koma tafiyar hawainiya. Sai da na buga QUERY SHARE, umarnin da ke nuna kaso, na zuba wa lambar ido shayina na hucewa, sannan na gane. Na mayar da shi 400. Na kuma sake mantawa ban rubuta a kundin masu amfani ba, inda saitin kowace baƙuwa ke zama dindindin, baƙuwar na fita ta dawo, gyaran ya bi ruwa.

Yanzu raba aikin na yi. Baƙi biyar da bakin shugabanni ke kansu na ba su ABSOLUTE da hannuna, tunda VMRM kason RELATIVE kawai yake taɓawa. Wata mai haɗama da ke cinye duk abin da ta gani na ɗaure ta da LIMITHARD, wato iyakar da ba za ta wuce ba. Ragowar na bar masa, amma kowace Litinin ina buɗe fayil ɗin da yake rubuta abin da ya canza, in gwada da rahoton Performance Toolkit, manhajar auna aikin injin, kafin in amsa gaisuwar kowa.