Sharhi kan kayan sanyin tseren keke da na gwada tsakanin Tawa da Badagishiri

Kayan da zan yi sharhi a kansu guda huɗu ne, kuma a ɗauri ɗaya aka sayar da su: siririyar rigar ciki da aka saƙa da zaren roba, falmaran mai tare iska, hannayen riga guda biyu waɗanda ake zurawa daban daga wuyan hannu zuwa damtse, sai safar hannu mai rufe yatsu gaba ɗaya. Kawuna da ke zaune a Yamai ne ya sayo mini su a wani shagon kayan wasanni a kan jaka 38, ya aiko mini da su Tawa a cikin watan Nuwamba. Na yi kusan mako shida ina atisaye da su, sannan na shiga da su tseren da mahaya keke na garin nan suka shirya a tsakiyar Janairu, daga Tawa zuwa Badagishiri a juyo, wato tafiyar da ta kusa kilomita 100 a kan hanyar da ke gangarawa Birnin Ƙonni. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ɗinka su ba, domin irinsu sun cika kasuwa da sunaye iri-iri, kuma ɗinkin kusan ɗaya ne.

Wanda bai taɓa hawa keke da asubahin hunturu a ƙasar Adar ba yana iya cewa sayen irin waɗannan kaya almubazzaranci ne, tunda dai dusar ƙanƙara ba ta sauka a nan. Gaskiya ne cewa ɗarinmu bai kai na ƙasashen Turai ba, amma yana da halin da nasu ba shi da shi. A watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 kafin fitowar rana, sannan kafin azahar ya doshi 30, wato mai tseren awa uku ko huɗu yana farawa cikin sanyi ya ƙare cikin zafi da tufafin da ya fito da su daga gida. Bugu da ƙari, mutumin da ke gudun kilomita 30 a awa yana ƙirƙirar wa kansa iska ko da garin ya yi tsit, kuma wannan iskar tana kwashe ɗumin da ke kan fata da sauri, musamman idan gumi ya riga ya jiƙa rigar. Da wannan ma'aunin na auna kayan: shin suna tsare mutum a awar farko, kuma shin suna sakinsa a awa ta uku ba tare da ya sauka daga keke ba?

Ranar tseren mun taru a bakin gari bayan sallar asuba, kusa da wani mai shayi da ya hura gawayi, kowa yana miƙa tafin hannunsa ga wutar. Ƙaramar na'urar da ke maƙale a kan kekena ta nuna digiri 12. Mu talatin da 'yan kai ne, kuma shigar da aka yi ta ishi mai kallo dariya, domin akwai mai rigar sanyi ta gwanjo wadda ta kai masa cinya, akwai wanda ya cusa tsohuwar jarida a ƙirji, akwai kuma wani matashi da ya huda buhun leda ya zura kansa a ciki. Dattijon da ke gyara mana kekuna tun muna yara ya kama gefen falmaran ɗina da yatsu biyu, ya murza, ya ce, “Ɗana, wannan 'yar ledar ce ka zuba wa kuɗi? Ai ɗari zai ratsa ta kamar rariya.” Na ce masa, “Baba, yi mini addu'a kawai, idan mun dawo za ka ji labari.” Ni kaina a lokacin haƙorana na haɗuwa, kuma na fara zargin cewa maganarsa ce za ta tabbata.

Falmaran ɗin shi ne abin da ya fi kowane cika alkawari a cikin ɗaurin. Gabansa an yi shi da wani yadi mai santsi wanda iska ba ta ratsawa, bayansa kuwa raga ce mai ƙananan huji, kuma sai da muka fita gari muka kama gudu na gane hikimar wannan rabo. Ƙirji da ciki su ne ke fuskantar iska, don haka su aka toshe, baya kuwa shi ne ke tara gumi, don haka aka bar masa mafita. A kilomita goma na farko na ji sanyi a fuska da gwiwoyi, amma ƙirjina bai ji komai ba, kuma wannan tarin da nakan yi fama da shi duk hunturu idan na fita da sassafe bai zo ba. Wuyansa yana da tsayi, kuma akwai ɗan yadin da ke rufe kan zif ɗin don kada ya goge maƙogwaro, abin da mutum ba zai kula da shi a shago ba sai ya sunkuya a kan keke na tsawon awa biyu. Jaridar da abokin tafiyata ya cusa a ƙirji ma tana tare iska, kuma tsohuwar dabara ce da masu tseren Turai suka daɗe suna yi idan za su gangaro daga kan tsauni, sai dai kafin mu kai rabin hanyar Badagishiri tasa ta jiƙe ta dagargaje, ya riƙa zaro ta guntu-guntu yana yarwa.

Rigar cikin ma ta yi aikinta, kuma na san darajarta ne saboda abin da ya same ni bara. A wancan karon singiletin auduga na sa a ƙarƙashin rigar tsere, auduga kuwa tana shan gumi ta riƙe shi, don haka da muka hau wani tudu na yi gumi, muka gangaro iska ta buge ni, sai na ji kamar an manna mini jiƙaƙƙen tsumma a baya, na kwana biyu ina zazzaɓi. Zaren roba ba ya riƙe ruwa haka, yana tura shi waje ne ya bushe, kuma a busasshiyar iskar hunturu bushewar ba ta ɗaukar lokaci. Aibinta guda shi ne wari, domin tun daga hawa na biyu take ɗaukar tsami wanda sabulu ɗaya ba ya fitarwa, har uwargida ta ware mata igiyar shanya ta daban a bayan ɗaki.

Hannayen rigar kuwa sun yi mini yawa a damtse, suna zamewa, na yi ta jan su sama har na gaji. Wannan laifin awo ne, kuma darasin sayen kaya ta hannun wani ke nan.

Inda na fi jin takaici shi ne safar hannu. A ido ita ce ta fi kama da kayan sanyi, mai kauri ce, cikinta da laushi kamar bargo, har na fi ɗokin ta a kan sauran. Amma yadin bayanta saƙa ce kawai, ba a sa mata abin tare iska ba, yatsu kuwa su ne a gaba a kan keke, suna riƙe da ƙarfen birki mai sanyi, ba sa motsi kamar ƙafafu, kuma jiki da kansa yana rage jinin da yake aika musu idan ya ji sanyi don ya tsare ɗumin ciki. Kafin mu yi kilomita 20 yatsuna biyu na hannun hagu, wato gefen da iskar arewa maso gabas ke bugowa a tafiyar kudu, sun mutu murus. Da muka zo wani wuri da kwalta ta farfashe, na gaban ya kauce wa rami, na kai hannu birki ban ji ko na taɓa shi ba, sai da tayata ta gogi tasa, Allah ya kiyaye ba mu zube ba. Kaurin safar kuma ya hana ni ɓare ƙullin dabinon da ke aljihun baya, dole na yage ledar da haƙori, rabin dabinon ya watse a kan hanya. Masu bin tarihin wannan wasa sun san cewa yatsu ba abin wasa ba ne, domin a tseren Liège–Bastogne–Liège na 1980 a Beljiyam, wanda aka yi cikin dusar ƙanƙara, mutum 174 suka tashi, 21 kacal suka kai ƙarshe, kuma Bernard Hinault na Faransa da ya ci tseren ya daɗe yana fama da mutuwar wasu yatsunsa bayan nan. Nawa sun farfaɗo da rana ta ɗago, amma farfaɗowar ta zo da zogin da ya sa hawaye suka zubo mini, kuma daga nan safar ta koma wata matsalar, domin ta fara tara gumi har tafin hannuna yana santsi a ciki.

Mun juyo daga Badagishiri wajen ƙarfe takwas da rabi, kuma a nan tseren ya canza kama. Iskar da ke bugunmu ta gefe ta koma tana tare mu ta gaba da dama, ta taso da buji, duwatsun da ke gefen hanya suka ɓace cikin hazo. Muka jeru a karkace, kowa yana fakewa a kafaɗar na gabansa, domin wanda ke bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake kashewa, wanda kuwa ya fita daga layin a irin wannan iska da wuya ya sake kamo shi. A daidai wannan lokacin ne zafi ya fara, kuma a nan aka ga bambancin kaya. Mai rigar gwanjo dole ya tsaya ya tuɓe, ya ɗaura ta a ƙugu, kuma ba mu sake ganinsa ba sai a Tawa. Ni kuwa na naɗe hannayen rigar zuwa wuyan hannu ina tafe, na cire safar na cusa a aljihu, na kai hannu zan zuge falmaran, sai zif ɗin ya sauko rabi ya cije. Ƙura ce ta shiga haƙoransa, waɗanda ƙanana ne ƙwarai, kuma madatsin da ake kamawa bai fi ƙwayar wake ba. Na yi kusan kilomita uku ina kokawa da shi da hannu ɗaya, iska tana cika rigar kamar tanti tana ja na baya, har na rasa layin farko. Da ya buɗe daga ƙarshe, falmaran ɗin ya dunƙule ya koma kamar lemo, ya shige aljihu ba tare da ya dame ni ba, wannan kam na yaba masa. Na shigo na goma sha ɗaya, kuma ina da yaƙinin cewa zif ɗin nan ya ci mini matsayi uku ko huɗu.

Abin da na fahimta shi ne an ɗinka waɗannan kaya ne da tunanin sanyi mai laima, irin wanda ya sa a 2013 aka dakatar da tseren Milan–San Remo na Italiya a tsakiyar hanya saboda dusar ƙanƙara, aka kwashi mahayan a motoci aka tsallakar da su tsauni, kafin Gerald Ciolek ya ci wa ƙungiyar MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu. Wanda ya zana su ya yi tunanin ruwa da laka, bai yi tunanin ƙurar da ke shiga ko'ina ba, shi ya sa babu abin rufe baki da hanci a cikin ɗaurin, alhali a nan shi ne ya kamata ya zo na farko. Leɓɓana sun tsage duk da man kaɗanyar da na shafa, maƙogwarona ya bushe, kuma saboda sanyin safiya ya ɓoye mini ƙishirwa, gora ɗaya kawai na sha a tafiyar zuwa, abin da na biya da ɗaurewar jijiyar cinya a kilomita goma na ƙarshe. Wani Buzu da ke cikinmu ya yanki ɗan guntun rawani ya naɗa a ƙarƙashin hular kwano, yana ja ya rufe hanci idan babbar mota ta wuce, yana saukewa idan zai hau tudu, kuma shi kaɗai ne ya iso da muryarsa garau.

Bayan wanki kusan goma sha biyar, rigar ciki ba ta saki ba, falmaran bai yage ba, sai dai rubutun da ke ƙyalli da dare a bayansa ya fara ɓarewa, kuma ɗinkin babban yatsan safar ya ɓalle. Wanda yake fita atisaye da asuba daga Disamba zuwa Fabrairu, ko yake shirin tseren da ya wuce awa biyu, ina ba shi shawarar ya nemi falmaran da rigar ciki daban-daban idan mai shago ya yarda ya raba, ya gwada hannayen rigar a jikinsa kafin ya biya, ya kuma zaɓi siririyar safa mai yadin tare iska a baya, wadda zai iya gwadawa tun a shago ta hanyar hura mata iska da baki ya ji ko ta ratsa. A ganina jaka 38 ta yi yawa ga ɗaurin da rabinsa ne kawai ya yi aiki yadda ya kamata, amma da an ce in biya jaka 25 a kan guda biyun nan kaɗai, da ban yi ciniki ba.

Washegarin tseren na kai wa dattijon nan falmaran ɗin don ya ga zif ɗin. Ya goge haƙoransa da tsohon buroshi, ya shafa musu kakin kyandir, ya ɗaura ɗan zaren lilo a madatsin yadda yatsa zai iya shiga, ya ja sama da ƙasa sau uku yana tafiya sumul, sannan ya miƙo mini ya ce in tambayi kawuna ko akwai mai girman da zai shige shi.